Yadda Ake Riƙe Ɗan'uwa da Addu'a Idan Ciwo Ya Yi Tsanani

Ranar Lahadin da aka sanar a majami'a cewa an kwantar da wani ɗan'uwa a asibitin Barau Dikko ko na St. Gerard's da ke Kakuri a Kaduna, kafin magariba za ka ga bakin gadonsa ya cika. Zumuntar Mata sun zo da kula da filas, matasa sun zo, dattawa sun zo. Ka koma bayan mako uku, matarsa kaɗai za ka tarar tana gyangyaɗi a kan tabarma. Ciwon daji, ciwon ƙoda da shanyewar ɓarin jiki kuwa watanni suke ɗauka, wani lokaci shekaru. Saboda haka ƙungiyar addu'ar da za ta amfani marar lafiya ita ce wadda aka tsara tun ranar farko yadda za ta kai wata na shida ba ta watse ba. Ga yadda ake yi.

Mataki na farko: a nemi izininsa

Kafin a buɗe zauren WhatsApp ko a miƙa wa magatakarda takardar sanarwa, mutum ɗaya da marar lafiyan ya amince da shi ya je ya same shi su kaɗai. Tambayoyi uku zai yi masa: "Kana so mu haɗu mu riƙa yi maka addu'a? Wa da wa kake so su sani? Me za mu faɗa, me za mu bari?" Idan ba ya iya magana, a tambayi matarsa, ko mijinta, ko babban ɗa. Abin da aka amsa a rubuta shi, domin bayan kwana biyu kowa zai tuna abin daban.

A nan ne ake yawan ɓarna. "Roƙon addu'a" yakan zama ƙofar gulma ba tare da an yi niyya ba. Mace ta gaya wa ƙawarta cewa an ga ƙari a nononta, kafin sujadar Laraba Sabon Tasha gaba ɗaya ta ji, har da dangin mijin da ba ta shirya gaya musu ba. Idan ciwon ya shafi ƙanjamau ko taɓin hankali, illar ta fi haka: aure na iya girgiza, aiki na iya salwanta. Dokar hana nuna wariya ga masu ƙanjamau ta 2014 ma ta hana fallasa matsayin mutum ba da yardarsa ba. A bagade ya isa a ce, "Mu tuna da 'yar'uwarmu da ke kwance a asibiti." Allah ya san sunan cutar. Hotonsa a kan gado da robar hanci kuma kada ya fita daga wayar kowa, ko da don neman taimako ne, sai da bakinsa ya yarda.

Na biyu: a zaɓi mutane kaɗan, a raba aiki

A Markus 2, mutum huɗu ne suka ɗauko shanyayye zuwa wurin Yesu a Kafarnahum, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi. Nassin ya ce bangaskiyarsu Yesu ya gani, wato ta masu ɗaukar. Wannan shi ne tushen aikin nan: ranar da marar lafiya ya kasa yin addu'a da kansa, ranar da zafi ya hana shi ko buɗe Littafi Mai Tsarki, akwai masu riƙe da kusurwoyin shimfiɗarsa.

Mutum 8 zuwa 14 sun isa. Ƙasa da haka za su gaji, sama da haka kowa zai ɗauka wani ya je. A cikinsu a fitar da mai haɗa kai, wanda shi kaɗai ne zai riƙa kiran iyalin yana jin yadda aka kwana, ya isar wa sauran sau ɗaya a rana. Ba ƙaramin sauƙi wannan yake kawo wa mai jinya ba, don amsa waya talatin da maimaita labari ɗaya yana cinye ƙarfin da ya rage mata. A fitar da ma'aji da mataimakinsa. Idan akwai nas, likita ko mai harhaɗa magunguna a ikilisiyar, a roƙe shi ya shiga, domin shi zai fassara wa sauran abin da likitoci suka faɗa. Fasto ko katikis ya san da ƙungiyar tun farko, amma ba lallai shi ya ja ta ba. Yana da marasa lafiya da yawa.

A duba unguwanni ma. Wanda ke Narayi, Barnawa ko Television ya fi sauƙin leƙa Kakuri. Wanda ke aiki cikin gari ko yake zaune Unguwar Rimi ya fi kusa da Barau Dikko. A jera ranaku bisa ga haka, kuɗin keke ba zai kashe wa kowa gwiwa ba.

Na uku: jadawalin karɓa-karɓa

A ɗauki takarda a ja layi bakwai, kwanakin mako. Kowace rana a sa suna biyu. Aikin masu ranar shi ne su keɓe minti 20 zuwa 30 su yi addu'a a lokacin da suka zaɓa da kansu, sannan ɗayansu ya aika wa marar lafiyan gajeren saƙo: aya ɗaya da "Yau ni da Mama Talatu muke tare da kai." A ƙara masa da cewa ba sai ya amsa ba. An sa mutum biyu ne domin idan ɗaya ya manta ɗayan ya tuna masa, kamar yadda Haruna da Hur suka tallafi hannuwan Musa, ɗaya a kowane gefe, har faɗuwar rana (Fitowa 17:12).

Wasu kan fara da addu'ar awa 24 ba yankewa. Tana da kyau a ranar tiyata ko daren da jiki ya rikice, amma ba ta wuce kwana uku kafin masu ƙarfe biyu na dare su fara faɗuwa, sai jin laifi ya biyo baya, sai a daina gaba ɗaya. A ajiye ta don ranaku na musamman.

Sau ɗaya a mako kuma a haɗu ido da ido, a majami'a bayan addu'ar tsakiyar mako ko a gidan ɗaya daga cikinku. Minti 45 sun wadatar: biyar na jin rahoto, biyar na waƙa, biyar na karatu, ashirin na addu'a, goma na raba aikin mako mai zuwa. A fara kan lokaci, a tashi kan lokaci, kowa ya isa gida da wuri. Taron da ke ja awa biyu, mata masu yara ne za su fara barinsa, su ne kuma galibi ƙashin bayan aikin.

Me za a roƙa?

"Ubangiji ka warkar da shi" addu'a ce mai kyau, a yi ta kullum da gaba gaɗi. Amma mai haɗa kai ya riƙa kawo abubuwa uku ko huɗu na wannan makon takamaimai: ya samu barci, amai ya tsaya, jininsa ya hau yadda za a iya yi masa allurar da ke gaba, na'urar wankin ƙoda ta samu a ranar da aka ba shi, likitan da zai yi tiyata ya samu natsuwa, yara su iya mai da hankali a makaranta. A rubuta su a littafi da kwanan wata, idan an ga amsa a sa alama. Bayan wata biyu, lokacin da zuciya ta fara sanyi, wannan littafin ne zai nuna muku abin da Allah ya riga ya yi.

Ku tambayi marar lafiyan kansa abin da yake so a roƙa. Sau da yawa amsar takan ba da mamaki. Kuna ta roƙon warkarwa, shi kuwa abin da ke hana shi barci kuɗin makarantar 'yarsa ne, ko ƙaninsa da suka yi shekara biyar ba sa magana.

Dubiya: yadda ake shiga, yadda ake fita

A kira mai jinya kafin a taso. A tambayi nas lokacin dubiya, a kuma guji safiya, lokacin da likitoci ke zagayen marasa lafiya. Mutum biyu ko uku su shiga, minti 10 zuwa 15. Mai mura, tari ko gudawa ya zauna gida ya yi tasa addu'ar daga can. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi da bayan an fito. Kada a zauna a kan gado. A jawo kujera a zauna daidai fuskarsa, kada a tsaya a kansa kamar ana kallon gawa.

A gaisa yadda aka saba: "Sannu, Baba. Yaya jiki?" Zai ce da sauƙi, ko da babu sauƙin. A ɗan yi shiru, a ba shi fili ko zai ƙara wani abu. Abokan Ayuba sun zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan (Ayuba 2:13), kuma sai da suka buɗe baki suka ɓata. Sannan a tambaya, "Mu yi addu'a?" A karanta gajeren nassi, Zabura 23, 46 ko 121, mutum ɗaya ya yi addu'ar minti biyu ko uku da murya ƙasa-ƙasa.

Maganar murya tana da muhimmanci a Kaduna. Ɗakin asibiti na kowa ne. A gadon da ke gefe akwai Musulmi, wataƙila yana salla a zaune, a na gaba akwai wanda bai runtsa ba tun jiya. Tafi, ihu da addu'ar kowa-da-kowa a lokaci ɗaya suna sa nas ta kore ku, kuma ɗan'uwanku ne zai ci gaba da kwana da mutanen da kuka dama. Ku gai da maƙwabtan gado, ku ce musu Allah ya ƙara sauƙi. Idan kun kawo lemo ku miƙa musu. Idan a dangin marar lafiyan akwai Musulmi, kamar yadda yake a gidaje da yawa a jihar nan, su ma jinya suke yi, a ba su girmansu, kada bakin gado ya zama wurin muhawara.

Ga wanda ake yi wa allurar ciwon daji akwai ƙarin kula. Ƙwayoyin jinin da ke kare jiki sukan yi ƙasa sosai tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowace allura. A wannan tsakanin a rage dubiya, wanda ya shiga ya sa takunkumi, ko a yi addu'ar ta waya. Idan zafin jikinsa ya kai 38 a ma'auni, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, a yi addu'ar a cikin mota.

Shafa mai da ɗora hannu

Yakubu 5:14 ya ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, suna shafa masa mai da sunan Ubangiji. Shi ne ke kira, don haka ba a yi masa dole. A Katolika, shafewar marasa lafiya sakramenti ne da Fada kaɗai ke bayarwa, kuma ba sai mutum yana gargara ake kiransa ba. Ana iya yi kafin babbar tiyata. A ECWA, HEKAN, Baptist da sauransu a bi tsarin ikilisiyar, a sanar da fasto da dattawa. Wanda ya daɗe a kwance kuma a tuna a nema masa Jibin Ubangiji.

Ɗigon man zaitun a goshi ya isa. Kada a shafa a kan rauni, ɗinkin tiyata, inda aka sa allurar ƙarin ruwa, ko fatar da ake gasawa da na'urar maganin ciwon daji. Kada a ɗura wa mai shanyewar jiki mai ko ruwa a baki: haɗiyarsa ta raunana, abin zai iya bin hanyar huhu ya jawo masa ciwon huhu. Wanda aka ce kada ya ci kada ya sha kafin tiyata, ko cokali ɗaya na ruwan da aka yi wa addu'a zai iya sa a ɗage aikin. Idan yana kan iskar oksijin, ba a kunna kyandir kusa. Hannu kuwa a ɗora a hankali a kafaɗa ko a riƙe tafinsa, ba a girgiza shi, ba a tilasta masa ya tashi ya taka don nuna bangaskiya.

Abin da ba za a yarda da shi ba

Kowace ƙungiya ta yanke wannan tun zaman farko: babu wanda zai ce wa marar lafiya ya bar magani. Mutane sun mutu a kan wannan, kuma waɗanda suka ba su shawarar da ƙauna suka yi. Mai wankin ƙoda yana buƙatarsa sau biyu ko uku a mako, kusan awa huɗu kowane zama. Idan ya tsallake, ruwa da guba suna taruwa a jikinsa cikin kwanaki. Maganin tarin fuka aƙalla wata shida ake sha, wanda ya yanke a tsakiya cutar kan dawo ta ƙi jin magani. Maganin ƙanjamau, na hawan jini da insulin ba a ajiye su don an ji sauƙi bayan addu'a. Idan ɗan'uwa ya gaskata ya warke, a yi murna tare da shi, a raka shi a yi gwaji, likita ya tabbatar. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita (Kolosiyawa 4:14). Annabi Ishaya, bayan ya kawo wa Hezekiya alkawarin warkewa, ya sa an ɗora masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20:7).

Azumi na masu lafiya ne a madadinsa. Marar lafiyan ba ya yi, musamman mai ciwon sukari, mai sikila da mai shan magani da abinci. A cikinku ma mai ciki, mai shayarwa da mai gyambon ciki su ɗauki wani aikin.

Akwai kalmomin da ke raunata fiye da allura. "Ka bincika kanka, ko akwai zunubi." "Da bangaskiyarka ta kai da ka tashi." "Wannan daga ƙauye aka turo." Na farkon Yesu da kansa ya rushe shi a kan wanda aka haifa makaho (Yahaya 9:3). Na biyun ya manta cewa Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya ba a cire ba, ya kuma bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas. Na ukun kuwa ya raba gidaje da yawa, ana nuna tsohuwa da yatsa alhali ƙari ne a hanta. Haka nan duk wanda ya zo da mai ko ruwa na sayarwa, ko ya yanka kuɗi kafin ya yi addu'a, mai haɗa kai ya tare shi a ƙofa cikin ladabi. Iyalin da ke cikin firgici ba sa iya cewa a'a, sai ku faɗa a madadinsu.

Bayan an ce Amin

Yakubu 2:15-16 ya yi tambaya a kan amfanin ce wa mayunwaci ya sauka lafiya ba tare da an ba shi komai ba. Shi ya sa minti goman ƙarshe na kowane zama na raba aiki ne.

Jini shi ne na farko. Asibiti kan nemi dangi su kawo masu bayarwa kafin tiyata ko ƙarin jini, a kan kuma neme su cikin gaggawa. Tun yanzu a rubuta sunayen masu iya bayarwa da rukunin jininsu: mai shekara 18 zuwa 65, nauyi kilo 50 ko fiye, mai lafiya. Leda ɗaya kusan mililita 450 ce. Namiji na iya sake bayarwa bayan wata uku, mace bayan huɗu. Matasan ikilisiya sun fi dacewa da wannan, kuma yana hana iyali faɗawa hannun masu sayar da jini a bakin asibiti.

Kuɗi kuma a tsara shi a kan abin da za a iya jurewa. Mutum 12 da ke ba da naira 2,000 kowane mako sun tara 24,000, kuma wannan da ke zuwa ba fashi ya fi baiko babba sau ɗaya da ba a sake ji. Mutum biyu su riƙe lissafi, a ajiye kowane rasit, a karanta a zama. Ya fi kyau a biya magani ko gwaji kai tsaye. Wani ya bincika ko marar lafiyan yana da inshorar lafiya ta jihar Kaduna (KADCHMA) ko ta tarayya (NHIA) ta wurin aikinsa, ya kuma leƙa sashen walwalar marasa lafiya na asibitin ya ji ko akwai rangwame.

Idan an tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, tafiya ce ta kusan kilomita 80 zuwa Zariya, da ɗan ƙari. Ana buƙatar mai mota, kuɗin mai, da wanda zai bi layin kati da biyan kuɗi. Ku roƙi fastonku ya haɗa ku da wata ikilisiya a Samaru ko Wusasa da za ta riƙa leƙa shi a ranakun da ba ku nan.

Abinci kuma sai an tambaya. Ayaba, lemo da ruwan kwakwa da muke ɗauka kyauta ce mai kyau suna iya cutar da mai ciwon ƙoda saboda sinadarin fotasiyam, ruwan shansa ma a ƙayyade yake. Kunu mai sukari bai dace da mai ciwon sukari ba. Sau da yawa wanda ya fi buƙatar kular abincin shi ne mai jinya da yaran da aka bari a gida.

Mai jinyar nan a sa sunanta a jadawalin addu'a daban. Sau biyu a mako wata ta karɓe ta na awa huɗu, ta je gida ta yi wanka, ta yi barci. Wadda za ta karɓa ta koyi abin da ake yi: juya wanda ba ya motsi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi, lokutan magani, da lambar da za a kira.

Idan jiki ya ƙi, ko kuma ya yi sauƙi

Wani lokaci likitoci za su ce sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Kada ƙungiya ta ɓace a nan don kunyar cewa addu'arta ba ta karɓu ba, kada kuma ta hana marar lafiyan maganar mutuwa da "kar ka faɗi haka." Idan yana so ya yi wasiyya, ya nemi gafarar wani, ko ya ga 'ya'yansa, a taimaka masa da wuri tun yana iya magana. A roƙi likita maganin rage zafi mai ƙarfi. Neman sa ba gazawar bangaskiya ba ne. Dubiya ta ƙara gajarta, murya ta ƙara sauka. A ci gaba da yi masa magana da rera waƙoƙin da ya saba ko da ba ya amsawa, domin ji yana cikin abubuwan da ke daɗewa ba su tafi ba. Ranar da kalmomi suka ƙare muku, ku karanta Romawa 8:26 ku zauna shiru tare da iyalin.

Idan an sallame shi, kada a naɗe jadawalin ranar da aka yi godiya a majami'a. A ci gaba aƙalla mako shida, a rage zuwa sau uku a mako, wani ya riƙe ranakun komawa asibiti ya tuna masa. Shaida kuma shi zai zaɓi lokacin bayarwa da abin da zai faɗa.

Idan kuwa Ubangiji ya kira shi gida, jadawalin ya koma kan waɗanda ya bari. Bayan jana'iza da mako biyu baƙi sun watse, kujerun haya sun koma. Masu ranar Litinin su ci gaba da zuwa ranar Litinin, ma'aji ya sanar da ragowar kuɗi a miƙa wa iyalin da rasit, mai haɗa kai kuma ya rubuta ranar rasuwar da lokacin biyan kuɗin makarantar yaran a littafin nan na addu'a.